Rigar bututun mai da ɓarnar haidurojin

A watan Mayun 2024 Nijar ta fara fitar da ɗanyen manta ta bututun da ya taso daga Agadem, ya ratsa kudancin jihar Tawa, ya ƙare a tashar Seme ta Benin, tafiyar kusan kilomita 2,000. Ana yawan maganar masu fasa shi. Ba a cika maganar abokin gabar da ido ba ya gani ba, wato haidurojin.

Ƙwayar zarrarsa tana cikin mafi ƙanƙanta a duk sinadarai. Shi ya sa yake kutsawa cikin jikin ƙarfe, ya taru a inda ƙarfen yake da ɗan aibi, ya raba shi da juriyarsa. Ƙarfen da a da zai lanƙwashe, sai ya tsage farat ɗaya kamar tukunyar ƙasa. Tun 1875 wani Bature ɗan Ingila, William Johnson, ya bayyana wannan cuta. Abin mamaki, ƙarfe mafi tauri ya fi saurin kamuwa.

Daga ina haidurojin yake zuwa? Daga tsatsa, daga iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin wasu nau'o'in mai, da kuma walda idan sandar ta sha danshi. Har wutar lantarkin da ake ba bututu don hana shi tsatsa, in ta yi yawa, takan haifar da shi a inda rigar da ake lulluɓe bututun da ita ta ɓare.

Rigar kuwa galibi hawa uku ce: garin epoxy da ake narkarwa a kan ƙarfe mai zafi, sai danƙo, sai roba mai kauri. Aikinta raba ƙarfe da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta masana'anta ba ta cika ba da matsala ba. Rauni yana mahaɗa, inda ake shafawa a daji bayan walda, cikin ƙura da gaggawa.

Mutumin Madawa, Buza ko Keita ya san abin da ruwan kori yake yi da damina: ya zaftare ƙasa, ya mirgino duwatsu. Dutse ɗaya ya isa ya karce riga, tsagewar kuma sai bayan shekaru. A ganina, duba rigar bayan kowace damina ya kai gadin soja muhimmanci.

Manomin da ya ga ruwa ya tone bututu kusa da gonarsa, kada ya taɓa, ya sanar da mai gari.