Neman Kakanni a Jamus: A Fara da Ƙauye da Cocinsa

Ba'amurken da ke neman salsalar kakansa da ya baro Jamus a ƙarni na 19 yakan fara da sunan dangi, kuma a nan yake ɓata lokacinsa, domin masu suna Müller ko Schmidt ba sa ƙirguwa. Abin da zai kai shi gida shi ne sunan ƙauyen da kakan ya fito da cocin da ake zuwa a can. Sai a 1876 hukuma ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a faɗin ƙasar. Kafin nan, a yawancin yankuna, alƙalamin yana hannun limamin coci.

Gano cocin kuwa sai an san tarihi. Yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta ba kowane sarki ikon zaɓa wa talakawansa ɗariƙa, ko Katolika ko ta Luther, shi ya sa ƙauyuka biyu maƙwabta kan kasance da littattafai iri dabam, a ma'ajiya dabam. Taron cocin Katolika na Trent ya wajabta wa limaman Katolika rubuta baftisma da aure a 1563, kuma galibi da Latinanci suka yi. Fastocin Luther sun fi rubutawa da Jamusanci, cikin tsohon rubutun hannu na Kurrent wanda yawancin Jamusawan yau ba sa iya karantawa. Layi guda na baftisma kan kawo sunan jariri, da uba da sana'arsa, da uwa, da waɗanda suka tsaya wa yaron. Waɗannan na ƙarshe sau da yawa dangi ne, su ke bambance Johann Müller maƙeri da takwaransa manomi.

Wani zai ce ai yanzu komai yana intanet. Gaskiya shafin Archion na ɗauke da littattafan Furotesta, shafin Matricula kuma galibi na Katolika, amma hotunan shafuka ne da aka jera coci-coci, don haka wanda bai san ƙauyensa ba zai yi ta lalube. Wani kuma zai ce yaƙin da aka yi a Jamus daga 1618 zuwa 1648 ya ƙone littattafai da dama. Haka ne, zuri'a da yawa a nan sawunta ke ɓacewa, sai dai daga nan zuwa 1876 shekara fiye da 200 ce a rubuce. Saboda haka mai nema ya fara da takardun da suka ambaci garin asali, irin su jerin fasinjojin jiragen ruwa na Hamburg daga 1850 zuwa 1934, inda aka rubuta garin da matafiyi ya taso.