Damisa a Kan Sikeli

A Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, da wuya yaron yau ya taɓa jin gurnanin damisa, wannan ƙara mai kama da ana jan zarto a busasshen ice. Gonaki sun cinye daji, musamman tun da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe noman Jazira. Mai son ganin sawunta sai ya nufi gandun dajin Dinder, wanda aka keɓe a 1935 kusa da iyakar Habasha. Amma kirarinta ya zo da mutane tun daga ƙasar Hausa: damisa ƙi sabo.

Tsoro na daji, in ji Bahaushe, shi kuma tsoro yana ƙara wa dabba jiki. Wanda ya yi kiciɓis da ita da almuru zai rantse maka ta kai maraƙi. Sikeli bai yarda ba. Namijin damisa a Afirka yawanci yana tsakanin kilo 40 da 70, macen kuwa sau da yawa ba ta wuce 40. Ƙato na gaske shi ne mai kusan kilo 90, wato buhun dawa guda na kasuwar Sennar, kuma irinsa ba a cika samu ba. Namijin zaki ya ninka wannan, kura mai dabbare-dabbare ma takan fi damisa mace nauyi. Fata ita ma tana ruɗin ido, domin in an feɗe ta aka ja aka kafe da turaku, tana miƙewa ta wuce tsawon mai ita.

Abinci ne ke yanke girman. A duwatsun Kef na Afirka ta Kudu, inda nama ƙanana ne, namiji bai cika wuce kilo 30 da ɗoriya ba, haka ma damisar Oman da Yaman. Inda barewa da gadu suka wadata, sai wuya ya yi kauri, ƙirji ya buɗe, har tsohon namiji ya saki fata a maƙogwaro.

Raina kama ka ga gayya. Tsayinta a kafaɗa bai fi santimita 70 ba, amma dubi ƙafafun gaba, gajeru masu kauri, da muƙamuƙi da dokin wuya. Da su take cafke naman da ya kai nauyinta, ko ya fi, ta haye bishiya da shi a baki, ta saƙale shi a gwafa, kura na zagaye a ƙasa tana dalalar da yawu. Sawunta zagayayye ne ba alamar farce, don tana maƙe faratanta sai lokacin aiki.

Abin da ke ci mini rai shi ne markub na fatar damisa, takalmin da manya ke taƙama da shi a Sudan. Fata mai faɗi ta fi kuɗi, don haka mafarauci ƙaton namiji yake nema, wanda ya ɗauki shekaru kafin ya cika. In aka kashe shi, baƙon namiji ne ke gaje yankinsa, shi kuwa baƙon yakan hallaka 'ya'yan da ya tarar.