Hukuncin Kiwon Dabbobi A Gidan Haya

TAMBAYA:

Ina haya a Mashi, mu uku ne a gidan, tsakar gida ɗaya. Matata tana da awaki biyu da kaji da kyanwa, ni kuma ina son ajiye kare saboda ɓarayi. Mai gidan ya aiko cewa a fitar da dabbobin, alhali na biya kuɗin shekara, kuma ba mu yi maganar kiwo ba lokacin da na kama hayar. Mene ne hukunci?

AMSA:

To ɗan'uwa, asalin kiwo halal ne. Abin dubawa shi ne haƙƙin mai gida, da na maƙwabta, da na dabbar.

Na farko, haya ƙulla ciniki ne a kan amfanin gida, kuma Allah ya yi umurni da cika alƙawari a farkon Suratul Ma'ida. Da mai gida ya gindaya sharaɗin hana kiwo tun farko, wajibi ne a kiyaye. Tunda ba a ambata ba, sai a koma ga al'adar gari, domin a wajen malamai abin da aka saba da shi yana zama kamar sharaɗi. A garuruwa irin Mashi an saba mace ta ɗaure 'yar akuyarta, ta ajiye akurkin kaji. Don haka ba shi da ikon tilasta maka a kan wannan ɗan adadi kafin wa'adi ya cika, matuƙar babu cutarwa. Idan shekara ta ƙare, yana iya sa sabon sharaɗi. Amma turke raguna goma don kasuwar Mai'aduwa ko Babbar Sallah ya wuce al'adar gidan zama, sai da izininsa.

Gidan amana ne a hannunka. Idan fitsarin awaki ya cinye daɓe, ko suka zaizaye katangar ƙasa saboda sakacinka, gyara yana kanka.

Na biyu, tsakar gida ta ku uku ce. A mazhabar Malik, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, sai in tana cin ƙazanta, amma wannan bai halatta a bar wa maƙwabci wari da ƙudaje ba. Idan akuya ta cinye shanyar gero ta wata a cikin gida, ku biya. Ko a gona, Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (SAW), a shari'ar raƙumar Bara'u ɗan Azib, ya ɗora wa masu dabbobi ramuwar ɓarnar dare.

Na uku, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci, ba sha. Ku tanadi dusa da harawa da ruwa da inuwa, musamman lokacin bazara. Ranar tashi kada a rufe ɗaki a bar kyanwar, a tafi da ita ko a ba mai so.

Shi kuwa kare, hadisi ya tabbata cewa ladan mai ajiye shi yana raguwa kullum, sai na farauta, ko kiwo, ko gona. Wasu malamai sun yi kiyasin gadin gida a kai idan tsoro ya tabbata. Sai dai a gidan tarayya mai yara da masu salla a tsakar gida, kada ka kawo shi sai kowa ya yarda, ka ɗaure shi, a yi masa allurar haukan kare.

Shawarata, ka sami mai gidan tare da dattijo ɗaya, ku yanke adadin dabbobin da wurin turke, ku rubuta da shaidu biyu. Idan ɓarna ta tabbata kuma ta ƙi gyaruwa, ku kai awakin kiwo wajen 'yan'uwa a ƙauye.

Allah ne mafi sani.