Gadon Sarautar Sarkin Musulmi: Matsayin Wurno da Rabah

Sau da yawa ɗalibai sukan ɗauka cewa gadon sarauta yana nufin uba ya rasu ɗansa ya hau. Tarihin Sarakunan Musulmi a ƙarni na 19 bai goyi bayan wannan fahimta ba. Tun daga 1817, lokacin da Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, har zuwan Turawa a 1903, ba a sake samun ɗan da ya gaji mahaifinsa kai tsaye ba. Sarautar takan faɗa ne hannun ƙane, ko ɗan ɗan'uwa, ko ma baffa, matuƙar dai jinin Shehu ne kuma masu zaɓe sun aminta da shi. A gaban masu zaɓen akwai Waziri, tare da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadima, kuma akan ji ta bakin Sarkin Gwandu.

Wurno, wadda take gefen fadamar kogin Rima a kan hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, Bello ne ya kafa ta a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, domin tare hare-haren Gobirawa da abokan ƙawancensu. Ya fi son zama a can, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Da ya rasu yana da 'ya'ya manya, amma aka naɗa ƙanensa Abubakar Atiku. Daga wannan naɗi ne aka sami manyan gidaje biyu masu neman sarauta, gidan Bello da gidan Atiku.

Da farko abin ya yi kama da karɓa-karɓa. Aliyu Babba ɗan Bello ya hau a 1842, ya mayar da Wurno mazauninsa, har ma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka garin a 1853 a zamaninsa. Bayansa sai Ahmadu ɗan Atiku a 1859, wanda shi kuma Cimola ya fi zama, sannan Aliyu Ƙarami ɗan Bello a 1866. To amma bai kamata malami ya koyar da wannan a matsayin doka ba, domin a 1867 Ahmadu Rufa'i aka naɗa, ɗan Shehu na cikinsa, wanda ba ya cikin ko ɗaya daga gidajen biyu. Bayansa gidan Bello ya yi sarauta sau uku a jere: Abubakar a 1873, Mu'azu a 1877, da Umaru ɗan Aliyu Babba a 1881. Abin da ya fi nauyi a idon masu zaɓe shi ne girman shekaru, da kusanci ga Shehu, da ilimi, da kuma yadda mutum ya riƙe garin da aka ba shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya ɗaukaka darajar ribaɗai. 'Ya'yan sarki ba a barin su zaune a birni; akan tura kowanne ya riƙe gari, ya yi shari'a, ya jagoranci yaƙi, ya zaunar da manoma da makiyaya. Abubakar ɗan Bello a Rabah ya zauna, shi ya sa ake kiransa Abubakar Atiku na Rabah, don a bambanta shi da baffansa mai irin sunan.

Zaɓe ba kullum yake haifar da alheri ba. Sarauta ta koma gidan Atiku a 1891 da naɗin Abdurrahman, wanda tsananinsa ya jawo masa laƙabin Ɗanyen Kasko. Shi ne ya nace a naɗa Tukur Sarkin Kano a 1893, alhali mafi yawan masu faɗa a ji a Kano ba sa so, abin da ya haddasa Yaƙin Basasa. A nan ana iya ganin cewa kuskuren masu zaɓe a Sakkwato ba a Sakkwato kaɗai yake tsayawa ba.

Zuwan Turawa ya ƙara wata murya a kan ta masu zaɓe, wato amincewar Gwamna. A wannan zamani ne aka sake ganin ɗa ya gaji uba, lokacin da Muhammadu Tambari ya gaji Muhammadu Maiturare a 1924. Rabah kuwa ta sake shiga maganar gado a 1938, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Hakimin Rabah na lokacin, Ahmadu, jikan Abubakar na Rabah, yana cikin masu nema, amma aka zaɓi Abubakar, jikan Mu'azu, wanda ya yi shekara 50 a kan mulki. Ahmadu ya karɓi sarautar Sardauna, wadda sabon Sarkin ya bari, kuma da ita aka san shi har ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.