SQLite: Rumbun Bayanan Da Ke Tafiya Cikin Manhaja, Ba Ya Jiran Intanet

Idan ka buɗe WhatsApp a wayarka yanzu, saƙonnin da kake gani suna zaune ne cikin wani ɗan rumbun bayanai mai suna SQLite. Yana cikin kowace wayar Android da iPhone, yana cikin Firefox da Chrome, kuma babu ranar da ya nemi ka girka shi. Masu manhajar ne suka haɗo shi da kayansu tun daga tushe.

Wannan dabara ta fi shafar matasanmu masu haɗa manhajar kwamfuta don shagunan magani, makarantu masu zaman kansu da ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Mai shago yana so ya san kwalin magani nawa ya rage, wa ya ci bashi, nawa aka sayar yau. Ba ya so a ce masa lissafin ya tsaya saboda intanet ya ɗauke. Ƴan ƙasar nan kuma ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, birane suka koma samun lantarki bi da bi.

Manyan rumbunan bayanai irin su MySQL da PostgreSQL manhajoji ne masu zaman kansu. Sai an girka su daban, a saita su, a tabbatar suna aiki kafin manhajar shago ta iya magana da su. Ranar da ɗaya ya ƙi tashi, mai shago zai kira wanda ya sayar masa, wanda wataƙila ya koma Yamai ko ya tsallaka Faransa karatu.

Irin wannan ciwon kai ne ya haifi SQLite. A shekarar 2000, wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp yana aikin manhaja don jirgin ruwan yaƙi na sojojin Amurka, manhajar kuma ta dogara da wani rumbu mai zaman kansa. Sai ya rubuta ƙaramin inji da zai zauna cikin manhajar kanta, ya karanta bayanai ya rubuta su cikin fayil guda. Ya kuma saki lambobinsa ga kowa, babu lasisin da za a biya, ko da wanda ya ɗauka sayar da manhajarsa zai yi.

Samunsa ba wuya. A shafin sqlite.org akwai fayiloli biyu, sqlite3.c da sqlite3.h, waɗanda mai rubutu da harshen C zai haɗa kai tsaye da nasa lambobin. Wanda ba ya son wannan zai sauko da sqlite3.dll da aka riga aka dafa don Windows. Masu Python sun huta, domin tun 2006 yake zuwa tare da harshen. Masu Java da C# kuma suna jawo shi ta kundin da aka tanadar musu. Waɗanda suka koyi WinDev, kamar yadda aka saba a ƙasashe masu amfani da Faransanci, suna da nasu mai suna HFSQL, sai dai shi na kamfani ne.

Wurin haɗa shi da manhaja ne ake yawan tuntuɓe. Manhaja ta yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, a kai ta shago ta ƙi buɗewa. Sau da yawa dalilin ɗaya ne: an manta da fayil ɗin dll, ko an haɗa na bit 64 da manhaja mai bit 32. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da suka cika ofisoshinmu su ne ke tona wannan asiri. Windows 10 yana zuwa da nasa kwafi mai suna winsqlite3.dll, amma dogaro da shi kasada ce, domin Windows 7 ba shi da shi, kuma ba kai ke zaɓen sigar da ke ciki ba. Gara mai manhaja ya ɗauki sigar da ya gwada, ya cusa ta cikin fayil ɗin girkawa, ya san abin da ya tura.

Sai inda za a ajiye bayanan. Wasu na jefa fayil ɗin cikin Program Files kusa da manhajar, alhali Windows ba ya barin mai amfani na yau da kullum ya yi rubutu a can. Gurbinsa AppData ne.

To, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da ciniki fa? Nan ne SQLite ya ci sunansa. Kafin ya taɓa ainihin bayanan, yana ajiye abin da yake shirin canjawa cikin wani ɗan fayil na gefe. In aiki ya katse, da an sake buɗewa zai mayar da komai yadda yake kafin cinikin, ba za a samu an cire kaya daga sito ba a rubuta kuɗinsu ba. Amma wannan ɗan fayil, mai ƙarewa da -journal ko -wal, shi ne wasu ke gani su ɗauka shara ce su goge. Goge shi a irin wannan lokaci na iya lalata rumbun gaba ɗaya.

Kasancewar komai cikin fayil guda alheri ne, haɗari ne kuma. Dukan lissafin shago na shekaru zai shiga ƴar USB. Haka kuma yaron shago da ya yi fushi zai iya kwashe shi cikin minti ɗaya, sunayen masu bashi da lambobin wayarsu duka, domin SQLite na kyauta ba ya kulle bayanai da kansa. Mai son kulle sai ya nemi SQLCipher ko ya sayi ƙarin da su Hipp ke sayarwa. Kwafar fayil ɗin ana cikin rubutu ma na iya ba da gurguwar ajiya. Tun 2019 akwai umarnin VACUUM INTO da ke fitar da kwafi mai tsafta ko da manhajar tana buɗe. A ganina, duk manhajar shagon da ba ta da maɓallin ajiye kwafi, ba a gama ta ba, kada a biya cikon kuɗinta.

Yana da iyaka. Mutum ɗaya ne ke iya rubutu a lokaci guda, kuma masu shi da kansu suna gargaɗi kan ɗora fayil ɗin a jakar da kwamfutoci da yawa ke rabawa ta waya. Kanti mai masu karɓar kuɗi huɗu, ko ɗan kasuwar da ke da reshe a Maraɗi da wani a Konni, ya wuce nan, PostgreSQL ko makamancinsa yake buƙata.

Ga ɗan ci-rani da ya buɗe wa ƙanensa shago a gida yana so ya riƙa duba lissafi daga Abijan ko Liyon, kwafin fayil ɗin da aka turo masa da dare ya isa. Zai buɗe shi da DB Browser for SQLite, wadda ita ma kyauta ce, ko da kwamfutarsa Mac ce ta shagon kuma Windows. Tsarin fayil ɗin bai sauya ba tun 2004, masu shi kuma sun ce suna da niyyar ci gaba da kula da shi har 2050.