Me ya sa gwamnatoci ke zuba kuɗi a binciken ruwa a jami'o'i?

A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Nijar, mutane sun shafe shekaru suna shan ruwan rijiyar burtsatse mai haske, babu wari, babu ɗaci. Daga baya aka gano cewa sinadarin fuloraid ya yi yawa a cikinsa, ya zarce miligiram 1.5 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kafin a farga, ɗaruruwan yara sun samu lanƙwashewar ƙashi da lalacewar haƙora. Ido ba ya ganin irin wannan guba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Shi ya sa batun horar da masana ruwa a jami'o'inmu ya shafi manomi da makiyayi da uwar gida. Ruwa kuma bai san iyakar ƙasa ba. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin fari ya janye mafi yawansa, ya haɗa Cadi da Kamaru da Nijar da Najeriya. Haka ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Iullemeden, Mali da Nijar da Najeriya ne ke ɗiba daga gare shi.

Yadda tsarin ya yi aiki

A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 domin kafa cibiyoyin ƙwarewa 19 a jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ba jami'a aka riƙa miƙa wa kuɗin kai tsaye ba. Gwamnati ce ta riƙa karɓa, galibi a matsayin rance mai sauƙin biya, sannan ta ba cibiyar da ta yi nasara a gasa. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Akara ce ta sa ido kan aikin.

Ba a fitar da kuɗin lokaci guda ba. Sai cibiya ta nuna abin da ta yi: ɗalibai nawa ta ɗauka a digiri na biyu da na digirgir, bincike nawa ta wallafa, ko darussanta sun samu amincewar hukumomin tantancewa, da kuɗin da ta samo da kanta. An kuma riƙa ƙirga ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashe, da ɗalibai mata.

A fannin ruwa, makarantar 2iE ta Wagadugu, wadda asalinta ke komawa ga makarantar injiniyoyi da aka kafa a 1968, tana cikin waɗanda suka fara shiga, haka ma cibiyar ruwa da tsafta ta jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Da aka faɗaɗa shirin a 2019, tare da gudunmawar hukumar raya ƙasashe ta Faransa, sai aka ƙara wata cibiyar ruwa da noman rani a jami'ar Tamale, da wata a jami'ar Abomey-Calavi a Jamhuriyar Benin.

Amfanin mai bincike na gida

Masu bincike na Faransa da na jami'ar Abdou Moumouni sun gano wani abin mamaki a kewayen Yamai: duk da farin shekarun 1970 da 1980, ruwan rijiyoyi ƙaruwa ya yi. Sare daji domin noma ya sa ruwan sama ke gangarawa cikin tafkuna, daga can ya nutse ƙasa. Ba a gano wannan da ziyarar mako biyu ba, sai da aka yi shekaru ana auna rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan aikin na buƙatar mutumin da zai zauna a wurin.

Inda gizo ke saƙar

Kowane shiri na da ranar ƙarewa. Na'urar gwaji tana buƙatar wuta da gyara da sinadarai, malami kuma idan albashi bai riƙe shi ba zai tafi inda ake biya. Idan gwamnati ba ta sa bincike a kasafin kuɗinta na shekara ba, gini zai rage, bashi zai rage, aikin kuma ya tsaya.

Ga Hausawan zango a Gana, da na Garwa ko Njamena, akwai ƙofa a buɗe. Tunda an riƙa biyan cibiyoyin ne har da yawan baƙin ɗalibai, sun saba neman ƴan wasu ƙasashe. Matashin da ya karanta kimiyya, yake jin Faransanci ko Turanci, ya riƙa duba sanarwar ɗaukar ɗalibai a shafukan waɗannan cibiyoyi. Hausar da yake ji kuma za ta yi masa amfani ranar da zai tsaya a bakin rijiya yana bayyana wa mutanen gari abin da gwaji ya nuna.