Tayar Kamfani Ma Tana Tsufa

'Yan uwa fataken shanu, da yawanmu mun ɗauka tayar da mota ta zo da ita daga kamfani ba ta mutuwa sai zanenta ya goge. Ina! Roba tana tsufa ko a ajiye, balle ga zafin kwaltar Maraɗi zuwa Jibiya.

Mu duba gefenta. Lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT, misali 2319, suna nufin mako na 23, shekarar 2019. In ta kai shekara 10 a canza, har safaya. Zane ya gaza milimita 1.6, ko gefe ya tsattsage, kar a jira. Iska kuwa da safe ake aunawa.

Fashewar taya a daji da kuɗin shanu a aljihu ba wasa ba ne. Allah ya tsare.